Sunan da ba ya faɗuwa a gidanmu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Da hantsi direban Madam, Bafaranshiyar da nake yi wa ɗinki, ya sauke mana keji mai hawa uku da dabbarta a ciki, da buhun ƙurar wanka, da rabin buhun abinci, da takarda shafi biyu da ta rubuta da hannunta. Bayan la'asar ita kanta ta zo sallama. Ta tsuguna gaban kejin ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa, sannan aka wuce da ita gar, tashar jirgin ƙasa. Jirgin dare zai kai ta Yawunde, daga can sai Faransa.

Shekara huɗu ina yi mata ɗinki a nan Ngaundere. Duk zuwan da na yi gidanta awo ko kai kaya, sai na tsaya kallon dabbar nan, ashe tana lura. Da tafiya ta taso ta ce gidan da za ta zauna a can ba a yarda da dabba ba, kuma ni kaɗai ta ga ina kallonta ba da ƙyama ba. Na ce sai na tambayi Baban Abba. Shi kuma ya ce in dai ba kare ba ne, ba ruwansa.

Cincila ake ce da ita. Wanda bai taɓa gani ba ya ɗauko jikin ɗan zomo, ya sa masa wutsiyar kurege da gashin bakin gafiya, ya shafe shi da launin toka. Gashin kuwa in ka taɓa kamar ba ka taɓa komai ba. Mace ce, shekararta bakwai a lissafin Madam, kuma irinsu kan yi 15, wasu har 20. Abin da na karɓa ba baƙon kwana uku ba ne.

A sunan ne gizo ke saƙar. Mousse ake rubutawa, a furta shi Mus. Kumfa ke nan da Faransanci, saboda laushin gashin, kuma a bakin mai shi ba shi da aibu. Amma a ƙara masa wasali ɗaya a ƙarshe, an faɗi sunan surukina, Allah ya jiƙansa. Shekara goma sha huɗu da aurena sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗana na fari shi aka mayar wa sunan, shi ya sa muke ce masa Abba, kuma ko a asibiti aka tambaye ni sunan yaron, kati nake miƙawa. A gidan Madam abin bai dame ni ba, ita ke kira, ni kallo nake. Yau kuwa ko awa guda ba a yi ba Auta ta cika wasalin da ƙarfinta a tsakar gida, tana tsalle, wane ya ci ciyawa, wane ya yi kashi. Hajiya surukata na zaune bakin ƙofarta tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba, ba ta ce uffan ba, ta tattara farantinta ta shige ɗaki.

Shi ya sa na juya littafin awona ta baya na buɗe wannan shafi. A sauya wa dabbar nan suna, kada a ruɗa ta, kada kuma a ci amanar mai ita. Ina ganin wata guda ya isa.

Talata, 14 ga Janairu

Maganar suna ta dakata tukuna. Kwana uku ke nan ba ta ci abin kirki ba, ta lafe a akwatinta na katako. Daren jiya wajen ƙarfe biyu ta yi wani siririn haushi sau biyar ko shida a jere, har na ɗauka kwikwiyo ne ya shigo mana. Takardar Madam ta ce kukan tsoro ne.

Na sa Abba ya sake karanta mini takardar a hankali, don Faransancina na kasuwa ne. Ruwa kada ya taɓa jikinta, gashin ya yi cunkoson da ba ya bushewa, sai fata ta kamu. Wankanta a ƙura ne, sau biyu ko uku a mako. Kada a cafke ta, gashin wurin zai zube a hannunka ita ta tsere, dabararsu ce ta kuɓuce wa abin da ke farautarsu. Haƙoranta ba sa daina tsiro, dole kullum da busasshiyar ciyawa a gabanta da abin gwaguya, in kuma an ga sun yi ruwan goro lafiya ce, farin haƙori shi ne abin tsoro. Ban da gyaɗa, ban da duk wani abu mai zaƙi. A ƙasan shafi na biyu ta ja layi uku ƙarƙashin maganar zafi: kada ɗaki ya wuce awo 25, in ya kai 28 akwai haɗari. Yanzu da asuba sai da bargo biyu muke kwana, na karanta wannan na wuce.

Abba ya ƙara da nasa binciken a waya. Asalinsu duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka, inda ake sanyi da bushewa, kuma 'yan kaɗan da suka rage a daji akasari a ƙasar Cile suke, don an kusa ƙarar da su saboda fatarsu. A ramin gashi ɗaya suna da gashi sama da 50. A 1923 wani injiniyan ma'adinai Ba'amurke, Mathias Chapman, ya kai guda 11 Kalifoniya, kuma akasarin waɗanda ke gidajen mutane yau zuriyarsu ce. Sunan cincila ma daga wata al'umma ta can aka samo shi, Cinca, masu sa fatarta. Ashe tun fil azal sunan mutane ake ara a liƙa mata.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ta fara ci. Ta yi wankan ƙura a gabanmu karo na farko, tana birgima kamar jaki a rairayi amma da saurin walƙiya, yara suka yi ta ihu har na kore su.

Yau na samu dalili na biyu, kuma wannan ko Bature zai gane shi. Da magariba Abba ya tsaya gaban keji yana ta kiran tsohon sunan sau biyu-biyu. To da me muke kiran kyanwa in ba da mus-mus ba? Wasu garuruwan ma mussa suke ce mata. Kafin ya rufe baki sai ga muzurun maƙwabta a kan katanga, ya diro, ya taho da wutsiya a sama yana jiran a ba shi kan kifi. Ya hango abin da ke cikin keji ya tsaya cak. Ita kuma ta yi haushin nan ta faɗa akwati, ba ta sake fitowa ba sai tsakar dare.

Sunan da in ka kira zomo kura ce ke amsawa, ai ba suna ba ne.

Asabar, 25 ga Janairu

Baban Abba ya dawo daga Njamena jiya da dare, kwana tara tsakanin Garwa da Marwa da layin manyan motoci a Kusiri. Da ya huta na kawo masa maganar, ina tsammanin zai ce in yi yadda na ga dama. Sai ya ba ni mamaki.

"Maman Abba," ya ce, "dabbar nan ta rasa gida, ta rasa uwar ɗakinta, ta rasa ɗaki mai na'urar sanyi. Suna kaɗai ya rage mata, shi ma ku ƙwace?"

Ya kawo misali da garin nan. Ngaundere da harshen Mbum dutsen cibiya ke nan, saboda dutsen can mai ɗan ƙulu a kansa. Fulani suka zo a ƙarni na 19 suka ci garin, suka kafa lamido, amma ba su taɓa sunan ba, mu Hausawa muka zo kasuwanci muka tarar muka ci gaba da faɗa. Wanda ya gaji abu, in ji shi, da sunansa yake gadonsa.

Na ce to garin da ka fito jiya fa? Fort-Lamy ne har 1973, Tombalbaye ya mayar da shi Njamena, kuma ga shi kana zuwa kana dawowa ba ka taɓa ɓata ba. Limbe ma Victoria ce har 1982. Ya ce ai tsofaffin direbobi har gobe tsohon sunan suke faɗa in hira ta yi daɗi. Na ce su suka sani, garin dai bai amsa musu ba.

Muka yi ta ja. Daga ƙarshe na ce shi ke nan, na yarda, ga ta can, tashi ka kira ta. Ya tashi da ƙarfinsa ya je gaban keji. Ya buɗe baki, ya waiga wajen ɗakin Hajiya, ya rufe. Ya dawo ya zauna yana dariya ya ce a ƙaro masa shayi.

Amma maganarsa ta farko ta tsaya mini a rai. Ban san me dabbar nan ta riƙe ba daga tsohon gidanta, kuma ba na son in zama wadda ta share na ƙarshe.

Alhamis, 30 ga Janairu

Bayan an tashi islamiyya na tsaya na tambayi Malama. Ta yi dariya tukuna, sannan ta ce sa wa dabba suna ba baƙon abu ba ne: taguwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ƙaswa ce, alfadarinsa Duldul, jakinsa Ufairu. Sauya suna ma ya tabbata, ya mayar da Barra Zainab, ya mayar da Asiya mai ma'anar saɓo Jamila. In ana sauya wa mutum saboda dalili, balle dabba. Ta ce sunan Madam a yadda yake ba laifi ba ne, kumfa kumfa ce, amma tunda bakin yara na karkatar da shi zuwa sunan Annabi kuma sunan kakansu, a kauce ya fi.

Da na juya zan tafi ta kira ni. Ta ce, "Ke dai ki tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba. A kan ci da sha za a tambaye ki, ba a kan suna ba."

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Zaman zaɓen suna, bayan isha'i. Abba ya kawo sunan wani ɗan ƙwallo, aka yi watsi da shi. Auta ta ce Cincin, ta kafe, ta yi kuka. Ni na so Asabe tunda ran Asabar ta shigo gidan, sai na tuna a layinmu kaɗai akwai masu sunan biyu, kuma ɗaya ba ta da haƙuri. Wato mun gudu daga sunan mutum za mu faɗa wani.

Baban Abba ne ya ce mu bi hanyar iyaye: ba su wahalar da kansu ba, doki baƙi Akawal ne, fari Kili, jaki baƙi Duna, Fulani ma da launi suke kiran shanunsu kuma kowace ta san nata. Auduga ta faɗi don ba fara ba ce. Hazo ya dace da launin amma namiji ne. Aka tsaya a kan Toka. Gaɓa biyu, ba ya kama da kiran kowace dabba, ba sunan kowa ba ne, ga shi kuma a ƙura take wanka.

Hajiya ba ta zo zaman ba. Da Abba ya kai mata labari ta ce, "Allah ya raya."

Tsarin da muka yi: kullum bayan magariba, lokacin da take farkawa, a rufe ƙofa saboda muzuru. Abba ya haɗa sunayen biyu, tsoho a gaba sabo a baya, har mako guda, sannan ya yar da tsohon. Shi zai yi don ni ba zan iya ba. In ta zo, a ba ta ɓallin busasshen zoɓo kamar farce, sau ɗaya a rana. Takardar Madam ta yarda da shi, kuma abu ne da ke cike da kasuwa. Na zuba shi a tsohon gwangwanin madara.

Talata, 11 ga Fabrairu

Yau bikin matasa, yara sun wuni a fareti, sun dawo a gajiye, Auta ko tuwo ba ta ci ba ta yi barci. Gida ya yi tsit, na ce bari in gwada ko aikin kwana tara ya kama.

Na zauna taku biyu daga keji, hannuwana a baya. Na ce Toka sau goma, ina barin tazara. Ta juya kunne sau huɗu, ta matso bakin ƙofa sau biyu. Na ji daɗi. Sai shaiɗan ya raya mini in gwada wata kalma da murya iri ɗaya. Na ce almakashi sau goma. Ta matso sau biyu. Na ce tukunya, ta matso sau uku. Na sa Abba ya faɗi tsohon sunan shi kaɗai, ba abin da ya bambanta. Sannan na taɓa murfin gwangwanin zoɓo, ban ma buɗe ba, sai ga ta manne da waya, hannuwa biyu a waje. Sau goma na taɓa, sau goma ta zo.

Da nan na tsaya da na kwana ina dariya. Amma akwai wani saƙon murya da Madam ta turo mini tun bara, lokacin da ta yi tafiya ta bar ni ina leƙa mata gida, a ƙarshensa tana kiran dabbar da wata irin murya mai hawa, kamar waƙa, da ɗan fito a baya. Na kunna.

Ta daskare. Ta miƙe a kan ƙafafun baya, kunnuwa a buɗe. Ta hau hawa na uku, ta sauko, ta je ƙofar keji, ta leƙa bayana, ta leƙa ƙofar ɗaki. Ta fi minti biyar tana wannan kai-komo. Na miƙa zoɓo ba ta karɓa ba.

Ba zan sake kunna shi ba. Abin da na fahimta, ba haruffan ta riƙe ba, tunda a bakin Abba ba su motsa ta ba. Muryar ce da karin. Baban Abba ya yi gaskiya rabi: akwai abin da ta taho da shi daga can, sai dai ba abin da za mu iya ƙwacewa ba ne, ba kuma abin da za mu iya ba ta ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Toka ya kai shida cikin goma in Abba ne ya kira, kuma gwangwani na ɗaki. A bakina uku. Auta har yanzu takan yi suɓul da baka, na fara cin ta tarar rabin alawa.

Madam ta turo saƙo a WhatsApp tana tambayar lafiyar dabbar, da sunanta, har da alamar zuciya. Na tura hoto na ce lafiya lau, tana ci tana wanka. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗa mata ba. Yaya zan fassara wa Bafaranshiya cewa akwai sunan da mace ke mutuwa ba ta furta ba, ba don tsoro ba, ba don an hana ta ba? Na rubuta layi biyu na goge.

Lahadi, 9 ga Maris

Mako biyu ban buɗe shafin nan ba. Atamfar bikin ranar mata ta 8 ga Maris ta cika mini ɗaki, kowace mace tana son tata kafin fareti, ga azumi ya kama, ga ɗinkin Sallah ya fara shigowa. Darasin magariba ya watse don lokacin buɗa baki ne.

Ran Juma'a na kusa rasa ta.

Muna taƙama Ngaundere gari ne mai sanyi, muna kan tudu mita 1,100, ba irin Garwa ba. Gaskiya ne, amma Maris Maris ne, kuma ɗakin da kejin yake rufin kwano ne ba silin. Wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta, na tashi daga keke in sha iska, na leƙa. Tana kwance a gefe ɗaya a miƙe, abin da ba ta taɓa yi ba, kunnuwa sun yi jajir, jijiyoyinsu a fili, numfashi sama-sama. Ma'aunin da Madam ta rataye a keji ya nuna 31.

Na kira wani likitan dabbobi da ya yi karatu a Dang, abokin ƙanena. Ya ce shi shanu ya sani, wannan a littafi kawai ya gan ta, amma zafi zafi ne: a kai ta wuri mai sanyi, a shafa wa kunnuwa ruwa mai ɗan sanyi da yatsa, ban da ƙanƙara kai tsaye, ban da tsoma ta. Na ce in yi mata fifita? Ya ce ɓata lokaci ne, ba ta gumi, iska mai zafi za ki yi ta kaɗa mata. Na tura Abba gidan maƙwabta ya karɓo gorar ƙanƙara a firigonsu, na naɗe a tsumma, na ciro tayil guda cikin waɗanda suka rage na bayi na ɗora ta a kai.

Ina tsugune ina wannan sai na ga inuwa a kaina. Hajiya ce, da carbi a hannu. Wata biyu ba ta taɓa matsowa kusa da kejin ba.

Ta ce, "Ku kawo ta ɗakina."

Na ce, "Hajiya, da azumi a bakinki, ga ƙura, ga motsinta da dare."

Ta ce, "Na ce ku kawo ta."

Ɗakinta shi ne tsohon ginin ƙasa da ya rage a gidan, bango mai kauri, ƙarƙashin mangwaro, wanda Baban Abba ya yi shekaru yana roƙonta a rushe a yi na bulo tana ƙi. Muka kai ma'auni, ya sauka 25. Ta sa aka ajiye keji jikin randa, ta ɗauko wata tsohuwar tukunyar ƙasa ta kwantar da ita a gefe a ciki. Kafin la'asar kunnuwan sun koma yadda suke. Da magariba ta sha ruwa, ta shige tukunyar ta miƙe.

Sharaɗi ɗaya Hajiya ta kafa, kuma ba ni ta kalla ba da ta faɗe shi: kada ta ji an kira abin nan da tsohon sunan a ɗakinta.

Asabar, 15 ga Maris

Auta ta tura mata dabino ran Laraba, wai ita ma ta buɗa baki. Allah ya sa Hajiya ta gani ta zare shi kafin ta ci rabi. Kwana guda kashinta ya yi laushi, ya wuce.

Yanzu Abba a ɗakin kakarsa yake yini in ya dawo lekol, yana share keji yana sauya ciyawa. Da ma tun yana jariri maigidana take ce masa, tunda sunan mijinta ne da shi, Auta kuma kishiya. Jiya ina wucewa da kwanon kunu na ji tana yi masa tsiya.

"Maigidana, ka kyauta. Ka rasa inda za ka ajiye amaryarka sai ɗakina? Dubi, ba ta fita da rana, ba ta taɓa ruwa, sai shafa hoda, abinci sai wanda ta zaɓa, a taɓa ta ta zubar da gashi. Ta kuma ci mini gefen tabarma."

Abba ya ce, "Kaka, ai amarya ba ta laifi."

"Ko ta kashe ɗan masu gida," in ji ta. "To ni tabarmata ta kashe."

Na tsaya a bayan labule ina dariya har kunu ya zube mini a hannu. Ban ɗauka wani abu ba ne. Yau kuwa sau uku na ji Auta ta ce Amarya, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya ci ta tara.

Lahadi, 23 ga Maris

Azumi ya yi wa dabbar nan daidai. Da rana barci, da magariba ta tashi, da asuba tana kan ganiyarta. Hajiya ta ce duk gidan ita kaɗai ce ba a taɓa tasa sahur ba.

Yau da na kai wa Hajiya sahur na tarar da abin da na yi wata biyu ina nema da littafi da lissafi. Tana zaune a kan buzu, ƙofar keji a buɗe, ta ce "Amaaarya" tana jan tsakiyar kamar mai kiran jika daga nesa, ta ɗan tsotsi haƙori a ƙarshe. Dabbar ta fito daga tukunya, ta diro, ta hau cinyarta, ta zauna tana shinshinar carbi. Ba gwangwani, ba zoɓo a hannunta, na duba.

Na ce, "Hajiya, yaushe aka fara wannan?"

Ta ce, "Wanda ba ya barci da wanda ba ya barci ai sai hira."

Ashe tun da aka kawo kejin, in ta tashi nafila, da ita take magana. Kari ɗaya, lokaci ɗaya, kowane dare, ga shi ba ta taɓa kai hannu ta kama ta ba. Mu kuwa muna abu da yara biyu da ihu da gwangwani, yau a yi gobe a fasa.

Da magariba na gwada nawa don cika littafi. Toka, uku cikin goma. Amarya da muryata, biyar. Amarya ina kwaikwayon jan Hajiya da tsotson haƙori, takwas, kuma Hajiya ta ce in daina kwaikwayonta a gabanta.

Baban Abba da ya ji ta waya daga Kusiri ya ce, to Maman Abba, shekara goma sha huɗu kina addu'a kada a yi miki, ga shi ke da kanki kika je kika ɗauko. Na ce ta ɗanka ce, ni suruka ce.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Baƙi sun cika gida, duk wanda ya shiga gaida Hajiya sai ya fito yana tambayar wane irin ɓera ne wannan. Ƙanwar Baban Abba da ta zo daga Garwa ta nace a ba ta ita don yaranta. Ban ma buɗe baki ba Hajiya ta ce a garin da zafi ke wuce 40 a watan nan, ko gangaren dutsen hanya ba za ta kai da rai ba, a bar zancen.

Ran Laraba na zauna na yi wa Madam saƙon murya, don rubutu ya gagare ni. Na faɗa mata komai: surukina, kunya, muzuru, Toka da ba ta kama ba, ranar zafi, ɗakin Hajiya. Na ce ta yafe mini in na taɓa abin da ta bar mini amana. Na tura na kashe waya na shiga ɗinki.

Amsarta ta zo da dare, rabinta dariya rabinta kuka. Ta ce zancen zafin ne ya tayar mata da hankali, a gaida Hajiya, a gode mata. Suna kuwa, ita ma ba ita ta fara ba. Wasu Jamusawa ne a Yawunde suka bar mata dabbar da za su tafi, tana da shekara uku, da wani sunan Jamusanci da harshenta ya kasa juyawa. Mako biyu ta yi tana fama, ta gaji ta sa nata. Ba ta taɓa gaya musu ba. Ta tambayi ma'anar sabon, Abba ya fassara mata, ta sa na maimaita sau uku tana gwadawa, "r" ɗinta na maƙalewa a maƙogwaro.

Asabar, 12 ga Afrilu

An yi ruwa mai ƙarfi daren Alhamis, gari ya yi sanyi, ma'auni 23 a ɗakin Hajiya. Na ce tunda zafi ya karye a mayar da keji inda yake ta huta. Ta ce wa ya ce ta gaji.

Likitan nan ya zo ganin ido, ya duba haƙora ya ce lafiya, ya gargaɗe mu da laimar damina, a riƙa duba ciyawa kada ta yi fumfuna. Ya ce a buɗe mata kati. Abba ya ɗauko biro ya tambaye ni me zai rubuta a wurin suna. Na ce Amarya. Ya ce a sa tsohon a gefe saboda tarihi? Na ce ya sa da rubutun Faransanci, yadda ba wanda zai karanta shi da ƙarfi. Toka ba wanda ya tuna da ita sai ni.

Abin da ke gabana yanzu ƙurar wanka. Ta Madam garin dutsen aman wuta ce mai laushi kamar hoda, saura kamar kofi huɗu. Yashin kogin Vina ya yi kaushi, tokar murhu likita ya ce kada a kuskura. Na fara tankaɗe wadda ta yi wanka da ita ina mayarwa sau biyu. Madam ta ce akwai masu sayar da kayan dabbobin gida a Duwala da Yawunde, Baban Abba zai tambayi wani abokinsa da ke aiki a jirgi ran Litinin.